Kafin Mu Kori Yaran Nan, Wa Ya Rufe Zaure?

 

Akwai wata magana da ta zame mana kamar gaisuwa: "zamani ya lalace." A wurin suna ana faɗinta, a zaman makoki ana faɗinta, a teburin mai shayi ma haka. Wani ya faɗa, na kusa da shi ya girgiza kai ya ce sai dai addu'a, a shafa a tashi. Da iyakarta ke nan da ban ce uffan ba, domin tsoho yana da haƙƙin ya yi kewar ƙuruciyarsa. To amma yanzu maganar ta yi ƙafa ta shigo cikin ƙungiya, har ta haifi shawarwari biyu. Ta farko tana cikin abubuwan da za a tattauna a zama mai zuwa: a hana samarin da ke sauka daga Arewa kwana a harabar masallatai da rumfunan kasuwa, sannan ƙungiya ta rubuta wa hukuma takarda cewa ba ta san su ba, kuma ba ruwanta da duk abin da suka aikata. Ta biyu ba a kawo ta a rubuce ba, a gidaje take yawo: wai duk yarinyar da ta gama ƙaramar sakandare a zaunar da ita tun kafin waya ta lalata ta.

Abin da zan faɗa ra'ayina ne, ba matsayar ƙungiya ba. Amma tunda ni za a ce in rubuta waccan takarda da hannuna, gara jama'a su san dalilin da ya sa ban yarda da ita ba tun kafin a zauna.

Hujjar shawarwarin nan biyu guda ɗaya ce: mutanen da nagari ne, na yanzu ɓatattu ne. Ni kuma tambayata ita ce, wane "da" ɗin ake nufi?

In Sabo ake nufi, to Sabo tana da tarihi a rubuce. A 1916 aka kafa ta. Kafin nan Hausawa a warwatse suke cikin gari, da yawansu a gidajen Yarbawa. Daga cikin dalilan da suka sa aka tattara su wuri guda akwai ƙorafin da sarakunan Badun suka riƙa kai wa Turawan mulki, cewa a cikin baƙin nan akwai ɓarayi masu fasa gidaje, don haka a ware musu unguwa a naɗa musu sarki wanda za a riƙa tuhuma in an yi ɓarna. Ku lura da kyau. Zargin da muke yi wa yaran acaba yau, shi aka yi wa kakanninmu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Da manyan Hausawan wancan lokaci sun ce ba mu san su ba, da yawancinmu ba mu da gidan da za mu nuna mu ce namu ne a garin nan.

Wani mai bincike daga Ingila, Abner Cohen, ya yi aiki a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi kan rayuwar unguwar a 1969. Ya yi dogon bayani kan amanar masu gida, zan dawo kan wannan. Amma ya kuma rubuta cewa karuwanci a fili ake yinsa a unguwar, mace ta fita daga aure ta shiga, in ta gaji ta koma aure, ba wanda ya ɗauki abin a matsayin tashin duniya. Ya rubuta bori, ya rubuta bara da sarakunanta. Dattawanmu da suka haura shekara 75 sun ga wannan da idonsu, sun san lungun da gidan magajiya yake, sun san inda ake buga karta har gari ya waye. Ban faɗi haka don in tona asirin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba, Allah Ya jiƙansu Ya yafe mana baki ɗaya. Na faɗa ne domin duk wanda zai auna yau da jiya, dole ya ɗora jiyan dukanta a kan sikeli. Ba adalci ba ne ya ɗauko sahun Asuba na 1960 ya bar gidan magajiya na 1960, sannan in ya zo kan yau ya ɗauko masu shan ƙwaya ya bar sahun Asuba.

In kuma gida Arewa ake nufi, a nemi littafin Baba ta Karo. An haifi tsohuwar nan wajejen 1877, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. A ciki ta faɗi yadda mahara ke faɗa wa ƙauyuka su kwashe mata da yara, wasu a sayar, wasu sai dangi sun haɗa kuɗi sun fanso su, har da mutanen gidansu. Wato abin da muke kira garkuwa da mutane yau ba 'yan bindigar Zamfara suka ƙirƙiro shi ba. Bambancin shi ne, yau mai kama mutum don kuɗi a daji yake ɓuya, kowa na tsine masa, a wancan lokaci kuwa yana iya zama mai sarauta a yi masa kirari da tambura. Ana kai ɗan Adam kasuwa a buɗe bakinsa a duba haƙora a taya. Sai a 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Duk wanda ya ce ba abin da ya gyaru a halin mutane, ya gaya mini ko zai yarda a mayar da shi waccan kasuwa, kuma ba a matsayin mai saye ba.

A ƙara matsawa baya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, da cin hanci da ƙwace dukiyar talaka da harajin da shari'a ba ta sani ba. Aka yi jihadi a 1804. Shekara uku kacal bayan haka, ƙaninsa Malam Abdullahi ya ga yadda wasu daga cikin jama'ar suka karkata ga neman mulki da dawakai da ƙwaraƙwarai, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka riƙe shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. In har Malam Abdullahi na Gwandu ya yi kukan lalacewar mutane a 1807, cikin almajiran Shehu, Shehu yana raye, to wace shekara ce wannan ta zinariya da ake ta nuna mana? Ko shekarun 1950 ne, da ake ɗaure talaka a rana kan kuɗin haraji, ake kulle Hajiya Gambo Sawaba sau da dama don ta ce mace ma tana da baki? Ko Disambar 1980, da rikicin Maitatsine ya ci fiye da mutum 4,000 a Kano?

Na san abin da za a ce mini. Za a kawo hadisin Anas ɗan Malik mai nuna cewa kowane zamani wanda ke bayansa ya fi shi sharri. Ni ba malami ba ne, kuma ba na jayayya da hadisi. Amma malaman da suka yi sharhinsa su da kansu sun tsaya a kan wata tambaya: Anas ya faɗi hadisin ne lokacin da mutane suka kawo masa kukan zaluncin Hajjaju ɗan Yusuf, kuma shekara huɗu bayan mutuwar Hajjaju sai Umar ɗan Abdul'aziz ya hau mulki. Don haka suka ce magana ce a kan galibi, ba a kan kowace shekara da kowane gari ba. Sannan abin da Anas ya umarci mutanen da shi haƙuri ne. Bai ce musu tunda zamani zai ƙara muni ku kori baƙo daga masallaci ba. Akwai kuma hadisin da ya hana zagin zamani, da wani a Sahihu Muslim mai gargaɗin mutumin da ke yanke wa jama'a hukuncin halaka yana ganin shi kaɗai ya tsira. Ina roƙon malamanmu su karanto mana waɗannan ma a wurin zama, kada a tsaya a guda ɗaya.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce sakatare ya ce komai lafiya. Ba lafiya ba. Ni ake buga wa waya da tsakar dare in an kama yaro, na san abin da ake samu a aljihunsu. Ƙwaya ta yi mana mugun kamu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma a 2018 sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin saboda yadda samari da matan aure ke kwankwaɗarsa. Caca ta bar lungu ta shigo cikin waya, yaro ya yi wunin acaba ya zuba kuɗin a wasan ƙwallon da ake bugawa a Ingila. Akwai ƙwacen waya, akwai wuƙa a ƙugu, akwai yaron da zai bangaje sa'an kakansa ya wuce ko waiwaye babu. Duk gaskiya ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya tsaya a "zamani ya lalace" ya ƙi tambayar abin da ya tsamar da shi.

Ga yadda Sabo ta riƙe mutanenta a da. Baƙo ba ya sauka a titi. Falke ya taho da shanu, ko a jirgin ƙasa ko a ƙafa, yana da maigidan da zai sauka wurinsa. Maigida ya ba shi ɗaki, a fito masa da tuwo daga cikin gida, ya haɗa shi da dillalinsa, a sayar wa mahauta Yarbawa shanun bashi, ba takarda ba sa hannu. In mahauci ya cinye kuɗin, maigida ne zai san yadda zai yi ya biya, domin in bai biya ba labari zai riga jirgi isa Kano da Nguru, kuma ba falken da zai sake sauka gidansa. Haka yake a goro: maigida ya tura yaransa ƙauyuka su sayo, a zauna a tsince, a ɗaure huhu, a kai tasha. Yaron da ya zo da 'yar jakarsa ba shi da kowa, a zauren maigida zai kwana. Ya fara da dako da aike, in an ga hankalinsa a sa shi dillanci ya riƙa samun la'ada, in ya yi shekaru maigida ya yi masa aure ya ba shi ɗaki. In ya yi sata ba shi kaɗai za a kira gaban sarki ba, har da maigidansa, kuma kunyar ta maigida ce.

To amanar nan da muke yabo ba daga sama ta faɗo ba. Mutum yana riƙe amana don tsoron Allah, haka ne, amma kuma don duk wanda ya san shi yana kallonsa, kuma cin amana sau ɗaya zai raba shi da abincinsa har abada. Yaro yana da ladabi domin akwai wanda ya ciyar da shi, wanda zai yi masa aure, wanda in ya yi fushi da shi duk unguwa ta yi fushi da shi. Tarbiyya tana da tsada, kuma masu gida ne suke biya, da tuwonsu da tabarmarsu da sunansu. Ba cewa nake masu gidan mala'iku ba ne, akwai waɗanda suka ci gumin yara shekara da shekaru. Amma ko mugun maigida ya san sunan yaronsa da sunan ƙauyensu.

Me ya faru da wannan tsari? Tirela ta maye gurbin jirgi, waya ta rage aikin dillali, kuɗi na tafiya ta banki cikin minti ɗaya, falke ba ya buƙatar ya yi sati uku a ɗakin wani yana jiran mahauci. Wannan ba laifin kowa ba ne. Amma zaurukan fa? Don Allah wanda ke da lokaci ya zaga Sabo ya ƙirga zaure nawa aka fasa aka mayar shago ko ɗakin haya. Magada sun raba gida, kowa ya sa ƙofarsa da kwaɗonsa. Wanda Allah Ya buɗa wa ya yi gini a unguwa mai get da maigadi, kuma maigadin ma ɗaya ne daga cikin yaran nan, ana ba shi abin da bai kai kuɗin man janareta na sati ba, kuma in ka tambayi Alhaji daga wane gari yaron yake sai ya ce "can wajen Sakkwato ne ko Zamfara."

A daidai lokacin da ƙofofin ke rufewa ne masu zuwa suka ninka. Masaƙun Kaduna da Kano da suka riƙe dubban gidaje sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Boko Haram ta tarwatsa Arewa maso Gabas tun daga 2009. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. A watan Yunin 2022 Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, ta ƙara huɗu a Satumba, da yawa suka gangaro mana nan. Aka cire tallafin mai a Mayun 2023, komai ya tashi. Yaron da ke sauka yau ba ɗan ci-rani ba ne irin na da, mai zuwa bayan kaka ya koma kafin ruwa ya sauka. Ba shi da gonar da zai koma. Wani a gabansa aka harbe ubansa. Ya hau bayan tirela tare da shanu ko buhunan albasa, ya sauka Akinyele ko Ojoo da asuba, ba wanda ya ce masa sannu da zuwa sai mutum biyu: mai ba da babur haya da mai sayar da ƙwaya.

A nan nake so mu tsaya mu kalli juna. Baburan nan na wane ne? Wa ke karɓar balas kowace yamma, ko an yi ruwa ko an yi rana, ko jami'ai sun tare yaro sun karɓe abin da ya samu? Yaron da dole ya kawo balas ko a ƙwace babur, awa goma sha biyar yake yi a kan titi, kuma ƙwayar da muke tsine masa a kanta da ita yake jure wannan wuni. Wa ke kawo ta? Ɗan shekara 17 da ke kwana a barandar masallaci ba shi da jarin katan ɗin tiramol. Mai jarin yana da babbar riga, yana da wurin zama a sahun gaba, kuma ba mamaki yana cikin masu cewa zamani ya lalace.

Tunda awo ake yi, a auna manya ma. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki ba yaro ya bubbuga ba. Kwandon tumatir mai kyau a sama ruɓaɓɓe a ƙasa, waken da aka zuba wa maganin ƙwari mai guba don kada ya yi huji, hatsin da ake ɓoyewa sai azumi ya zo, duk aikin masu furfura ne. Magidancin da ya bar mace da 'ya'ya biyar a ƙauye shekara uku ba aike, ya yi sabon aure a nan, ya saki bayan wata shida, ba TikTok ya koya masa ba. Kuɗin da ake karɓa wurin 'yan siyasa da sunan al'ummar Hausawa duk lokacin zaɓe, wa ya taɓa ganin lissafinsa? Garuruwa nawa ne a Kudu ake da Sarkin Hausawa biyu ko uku, kowa da 'yan korensa, ana ja-in-ja har kotu? In akwai abu ɗaya da zan yarda ya lalace ƙwarai, shi ne wannan: a da kafin a ba mutum 'ya ana tambayar sana'arsa da inda ya samo dukiyarsa, yau motarsa ake kallo. Yaran suna gani. Sun ga wanda ake miƙe wa in ya shigo taro, sun ga wanda ake bari a tsaye, sun fahimci darasin sarai. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango nasu.

Kuma a cikin yaran zamanin nan da ake zagi ne aka samu matashin nan mai Keke Napep a Kano da ya mayar da naira miliyan 15 da fasinja ya manta a 2023. Su ne ke cika asibiti in an ce ana neman jini. Su ne ke haɗa kuɗi ta waya cikin awa biyu a yi wa wanda ba su sani ba aiki, ko a kai gawa gida. Yawan matan da ke karanta Alƙur'ani da tajwidi a Islamiyyun Sabo yau, kakanninmu mata ba su taɓa mafarkinsa ba. Wannan ma zamani ne ya kawo.

Yanzu ga takardar da ake so in rubuta. Masu shawarar suna ganin in mun ce ba mu san yaran ba, ranar da wani ya yi ɓarna za a bar mu. Ina tambayarsu, a Shasha an bar wa? A Fabrairun 2021 rigima ce ta mutum biyu ko uku a kasuwa, kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje. Wutar ba ta tambayi wanda aka haifa a Badun da wanda ya sauka jiya ba. Haka aka yi a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Ile-Ife a 2017. A Maris ɗin 2025 mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin sallah aka kashe su a Uromi, domin a wannan wuri da wannan sa'a ba wanda zai tsaya ya ce na san su. Takardar da ke cewa ba mu san su ba, izini ce muke bayarwa da hannunmu cewa waɗannan ba su da kowa, a yi musu abin da aka ga dama. In kuma aka kore su daga masallaci ba Gusau za su koma ba. Ƙarƙashin gada za su koma, inda ba liman, ba ladan, ba dattijon da zai tashe su sallah, sai dilan ƙwaya da 'yan daba. Ranar da ɗayansu ya yi ɓarna daga can, sunansa dai Bahaushe, kuma shagunanmu ne a bakin titi.

Maƙwabtanmu Yarbawa suna da gaskiya in sun ce suna son sanin wanda ke kwana a garinsu. Ko mu ne a Kano haka za mu ce. Amsar da za ta kwantar musu da hankali ita ce wadda aka ba kakanninsu a 1916: mun san shi, ga sunansa, ga garinsu, ga wanda ya tsaya masa.

Batun 'yan mata kuwa ba zan tsawaita ba. Waya matsala ce, ba na musu. Amma waya tana shiga ɗakin amarya kamar yadda take shiga aji, zaunar da yarinya ba ya kashe data. Kuma mu faɗi gaskiya, yawancin waɗanda ake cirewa daga makaranta ba zama suke a gida ba, talla ake ɗora musu su zaga tasha da kara har bayan Isha. Wace tarbiyya ce a tasha da babu a aji? Mu ne masu kukan cewa matanmu na zuwa haihuwa ba mai jin yarensu, namiji ne ke duba su. Nas da ungozoma da likita mace ba daga ƙaramar sakandare suke fitowa ba. Wanda ke ganin aurar da yarinya tun ƙashinta bai yi ƙwari ba shi ne tsari, ya tambayi dalilin da ya sa ake da asibiti guda na masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina. Shehu da kansa a Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ita ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. In da za a koma, a koma wannan.

Abin da zan kawo gaban zama a madadin waccan takarda ba sabon abu ba ne. Kowane masallaci da yara ke kwana a ajiye littafi, a rubuta sunan yaro da garinsu da lambar wani nasa da sana'ar da yake yi. Duk mai babura ko mai rumfa ko mai wurin jari-bola da yara ke yi wa aiki, a rubuta sunansa a gefen nasu, shi ne maigidansu, shi za a fara kira in an kama su, ba sakatare ba. Wanda ke cin balas ɗin yaro ya ci har da ɗawainiyarsa. Kuɗin da muke kashewa a kalanda da walimar naɗin sarauta zai kama ɗakuna biyu ko uku na masauki, a sa malami ya riƙa zama da su bayan Magariba. Masu sayar da ƙwaya kuma mun san su ɗaya bayan ɗaya, a miƙa sunayensu ga NDLEA ko ɗan wane ne, ko surukin wane ne. Yaron da aka yi wa duk wannan ya ƙi ji, ya ci gaba da sata, to wannan ni da kaina zan raka shi ofishin 'yan sanda.

Zaman ranar Lahadi ne bayan La'asar. Ina roƙon iyayenmu masu goyon bayan korar, tare da girmamawa, kowa ya zo da adadin yaran da zai iya tsaya wa, ko da guda ɗaya ne. In kuma rinjaye ya tafi kan a rubuta wa hukuma cewa ba mu san su ba, ƙungiya tana da ikon yin haka, sai dai a nemi wani ya rubuta. Ga littafin ƙungiya, ga hatimi, zan miƙa wa shugaba a wurin.

Wassalamu alaikum.

Sakatare